Kashi 24 a baki, kashi 3 a kaye: yadda wani gida a Damagaram ya auna tanadinsa na ritaya

Gidan da halin da ake ciki, ƙarshen 2021

Gidan yana unguwar Garin Malam a Damagaram, na gado ne, ginin ƙasa, ba a biyan haya. Mutum 10 ke ci a tukunya ɗaya: maigida da uwargida, 'ya'ya 6, mahaifiyar maigida, da ɗan ƙanensa da aka kawo daga ƙauye domin karatu. Maigidan haihuwar farkon 1974 ne, shi ke riƙe da makullin sito a wani kamfani mai sayar da kayan gini. Abin da ke shiga hannunsa a wata jika 185 ne (duk lissafin nan da jika aka yi shi, kowace jika sefa 1,000). Uwargida tana da firji, tana sayar da ƙanƙara da zoɓo da lemun hari lokacin zafi, in sanyi ya shigo ta koma ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Akwai gona a hanyar Mirya da ke ba su gero, sannan maigida yakan ƙirga wa wasu 'yan kasuwar Dole kaya a ƙarshen mako, su sallame shi.

Ya fara aiki tun 1996, amma sai a 2009 aka yi masa rajista a CNSS, asusun da ke biyan fanshon ma'aikatan kamfanoni a Nijar. Shekarun da suka gabaci wannan a hannun 'yan kasuwa ya yi su, babu takarda, don haka ba su cikin lissafin fanshonsa. Zai cika shekara 60, ta ajiye aiki, a farkon 2034.

A Nuwamba 2021 wani tsohon abokin aikinsa, wanda ya fi shi albashi kafin ya yi ritaya, ya same shi a bakin sito yana neman rancen jika 20 na maganin hawan jini. Ya ba shi. Daga ranar ya fara tambayar kansa abin da ya tara.

A ganinsa mai tanadi ne shi, kuma yana da hujja. Duk wata yana zuba jika 30 a adashin wurin aiki, yana kai jika 15 banki. Jika 45 cikin 185 kashi 24 ne cikin 100. Shekara 6 yana haka, wanda in an tara ya kai jika 3,240. Da ya duba abin da ke ƙasa sai ya samu jika 310 a banki, tumaki 2 a turke, da bashin jika 60 a wurin mai shagon unguwa. A nan ne ya neme ni, da yake aikina rubuta wa 'yan kasuwa shiga da fita, kuma da yardarsu nake bayyana lambobin gidan ba tare da suna ba.

Gwaji na farko, 2022: riƙon zubi wata-wata

Shi ya ɗauka tsallake zubi ne matsalar, don haka ya yi alkawari ba zai tsallake ko wata ɗaya ba. Bai tsallake ba. Zubin adashi 12 ya cika jika 360, kai kuɗi banki sau 12 ya cika jika 180.

Adashin na mutum 12 ne, kowa kwasa ɗaya a shekara, shi kuma ya daɗe yana roƙon a ba shi tasa gab da Babbar Sallah. A 2022 ya kwasa a Yuni, layya ta zo a Yuli. Jika 130 suka tafi a rago, 70 a ɗinki da takalman yara, 70 a gona (iri, taki, 'yan ƙwadago), 50 aka rage wa mai shago, 40 gudummawar auren 'yar yayarsa. Kafin a yanka ragon babu ko dala a cikin 360 ɗin. A banki kuma ya ciro 45 da azumi, 60 da aka koma makaranta a Oktoba, 50 da mahaifiyarsa ta kwanta asibiti. Bashin mai shago da ya sauka zuwa 10 ya sake hawa, Disamba ta same shi a 95.

A Janairu 2023 muka zauna a zaure da sabon kaye, wato littafin rubuta lissafi. Ƙa'idar da muka ɗauka ita ce a daina tambayar nawa aka zuba, a tambayi nawa ya kwana har ƙarshen shekara. A ɗauki abin da gida ya ajiye daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Disamba kuma yana nan ba a taɓa ba, a debe duk ƙarin bashin da aka ci, a raba da duk abin da ya shigo gidan a shekarar, a ninka da 100. Wannan shi ne kason tanadi.

Saman lissafin bai ba da wahala ba. Ƙasansa, wato abin da ya shigo, shi ya ɗauki kwanaki. Albashi a bayyane yake, jika 2,220. Aikin ƙarshen mako ya tuno shi ɗaya bayan ɗaya, ya kai 110. Geron gona buhu 8 ne bayan an fitar da zakkar dami ɗaya cikin goma. Maigida ya ce ai ba a sayar ba, ci aka yi, me zai sa a rubuta? Amsar ita ce da babu gonar da sai an sayi geron da kuɗi, don haka shigowa ce. Suka yi masa kuɗi jika 25 kowane buhu, 200 ke nan, aka debe 70 na noma, saura 130.

Sana'ar uwargida ce ta tsaya. Da ya shiga ya tambaye ta ribarta, cewa ta yi: “Malam, ciyarwa taka ce. Kuɗina kuma nawa ne, ban taɓa hana gidan nan ba, amma ba zan miƙa maka lissafinsu ba.” Gaskiyarta ce, a addini da al'ada duka. Sai dai sabulu, kayan miya na ƙarshen wata, kuɗin tara na yara da rabin kuɗin ruwa duk daga hannunta suke fita, kuma lissafin da ya bar su waje zai nuna gidan yana rayuwa da abin da bai kai gaskiya ba. Aka daidaita a kan cewa ita za ta riƙe nata kayen, a ƙarshen shekara ta faɗi lamba biyu kawai: ribar da ta samu, da abin da asusunta ya ƙaru ko ya ragu. Zinariyarta da kayan ɗakinta ba mai tambaya. Na 2022 ta ƙiyasta riba jika 420, asusu ya ƙaru da 50.

Jimillar shigowa ta zama jika 2,880. Abin da ya kwana: banki ya ƙaru da 25, an sayi tunkiya ta 40, asusun uwargida 50, a debe ƙarin bashi 35. Saura jika 80. Wato kashi 2.8 cikin 100.

Maigida ya kawo wata hujja mai ƙarfi. A takardar albashinsa ana cire masa kashi 5.25 cikin 100 na fansho, kimanin jika 130 a shekara, wannan ba tanadi ba ne? Tanadi ne. In za a sa shi sai a ƙara shi sama da ƙasa duka, 210 cikin 3,010, ya ba da kashi 7. Muka rubuta wannan lambar a gefen shafi muka ci gaba da ta farko, saboda dalilin da zai zo a lissafin Janairu 2024.

Gwaji na biyu, 2023: matsi da juya kuɗi

Lambar ta girgiza shi, sai ya ɗauki matakai biyu masu zafi. Ya sa banki ya riƙa cire jika 40 daga albashi ranar da ya shiga, zuwa asusun ajiya. Ya kuma rage kuɗin cefane da jika 20 a wata ba tare da ya zauna da uwargida ba. Adashi ya ci gaba yadda yake.

A Maris ya ciro jika 250 ya ba wani ɗan'uwansa mai fataucin Kano, a juya a raba riba. Ɗan'uwan mutum ne mai amana, kuma hanyar Matamai zuwa Daura da Kano ita ce hanyar arzikin Damagaram tun kaka da kakanni. Jarin yana kwana da naira tsakanin sari da sari. A tsakiyar Yuni 2023 Najeriya ta saki darajar naira, ta faɗi warwas. Ranar 26 ga Yuli aka yi juyin mulki a Yamai, ranar 30 CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, iyaka ta rufe, kayan da aka sara suka maƙale a can. A ƙarshen shekara ɗan'uwan ya ce abin da ya rage na jarin bai wuce jika 140 ba.

A farkon Agusta Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar. Firjin uwargida yakan wuni babu wuta, ruwan da ta ƙulla a leda da dare ta tarar da shi ruwa da safe. Ribarta ta shekara ta sauko zuwa 290. Shinkafa da mai suka yi tsada a daidai lokacin da kuɗin cefane ya ragu, sai giɓin ya faɗa kanta: ta ci 20 daga asusunta, ta riƙa aika yara shago a rubuta. Tsakanin Agusta da Nuwamba maigida ya ciro 170 daga bankin da ya yi niyyar kada ya taɓa, ya sayar da tunkiya ɗaya a 45. Bashin shago ya kai 130.

Shigowar 2023: albashi 2,220, uwargida 290, gona 150, aikin gefe 60, jimilla 2,720. Banki ya karɓi 480, an ciro 420, ya ƙaru da 60.

A nan wata tambaya ta taso da ta cancanci a tsaya mata. Jarin Kano 250 za a rubuta ko 140? Gidan ya hana kansa cin jika 250, wannan ƙoƙarinsa ne, shi kason tanadi ke aunawa. Asarar 110 kuwa sakamakon wurin da aka sa kuɗin ne. In aka gwama su, mutum ba zai san ko hannunsa ne ke zuba ko ma'ajiyarsa ce ke yoyo ba, alhali maganinsu daban. Sai muka buɗe layi biyu. Layin tanadi: 60 da 250, a debe ƙarin bashi 35, tunkiya 45, asusun uwargida 20, saura 210, kashi 7.7. Layin abin da dukiyar gida ta ƙaru da shi a zahiri: jika 100.

Janairu 2024: nawa ake bukata

Shekara biyu ana auna kaso ba a san kason da ake nema ba. Wannan karon uwargida ta zauna a lissafin tun daga farko, ita ce ma ta fi sanin abin da tukunya ke ci.

Suka ƙiyasta kashin gida bayan ritaya da farashin yau. Manyan yara 4 za su gama makaranta kafin 2034, ƙanana 2 na nan, magani kuma zai ƙaru. Suka tsaya a jika 150 a wata. Maigida ya je ofishin CNSS da lambarsa, ya tabbatar an zuba masa duk watanni tun 2009, ya dawo da ƙiyasin fansho na kusan jika 80 a wata. Gona da sana'ar uwargida aka sa musu 40, ƙasa da abin da suke kawowa yanzu, domin ƙarfi ba zai zauna yadda yake ba. Giɓi jika 30 ne a wata, 360 a shekara. Suka ɗauki shekara 20 bayan ritaya, rai na hannun Allah, amma lissafi sai da lamba. Ya zama jika 7,200.

Ga dalilin da ya sa aka bar cirar CNSS a gefen shafi. An riga an debe fanshon daga bukata. In aka sake ƙirga cirar a cikin tanadi, kuɗi ɗaya ya shiga lissafi sau biyu.

Abin da ke hannu, banki 395 da jarin 140 da tumaki, in an debe bashi, kusan 500 ne. Saura 6,700 a shekara 10, wato 670 a shekara, kashi 23 na shigowar da ba ta wuce 2,900 ba. Gidan da bai taɓa kai kashi 8 ba ba zai yi wannan ba, kuma babu amfanin rubuta lambar da kowa ya san ƙarya ce.

Mahaifiyar maigida tana jin su daga bakin ɗakinta. Ta ce: “Kai ɗan nan, mai 'ya'ya shida yana lissafin tsufa? Ni wa ya yi mini asusu in ba kai ba?” Ya ce: “Haka ne Inna, Allah ya yi musu albarka. In sun kawo mun gode, amma ba zan ɗora musu tun ba su tsaya da ƙafarsu ba.” Taimakon 'ya'ya bai shiga kayen ba.

Uwargida ce ta kawo mafita. Katangar gidan ta gabas tana kan hanya mai mutane, akwai wurin da zai ɗauki shago biyu. Hayar irinsu a unguwar jika 10 ce kowane, 20 ke nan a wata. Magini ya ƙiyasta ginin siminti da rufin kwano a jika 2,400. In shagunan suka tsaya, giɓin wata ya sauko daga 30 zuwa 10, wato 2,400 a shekara 20. Gini 2,400, kuɗi a hannu 2,400, jimilla 4,800. A debe 500, a raba 10: jika 430 a shekara, kimanin kashi 15 cikin 100. Wannan aka sa a gaba.

Duk da farashin yau aka yi lissafin, kuma maigida yana da shekara 20 lokacin da aka karya darajar sefa da rabi a Janairu 1994, bai manta yadda kuɗin mutane suka narke a aljihu ba. Shi ya sa ya fi natsuwa da rabin tanadin ya zama gini, wanda hayarsa kan bi farashi. Asusun ajiya a bankunan yankin sefa yana ba da kashi 3.5 a shekara, amma shi ba ya cin kuɗin ruwa, don haka ba a sa shi a lissafi ba.

2024: raba tukwane uku

Canji na farko a kan adashi ne. Aka daina kiransa tanadi, aka rubuta shi a shafin kashin shekara tare da abubuwan da kowa ya san suna tafe: azumi, Sallah biyu, noma, komawa makaranta. Da aka tara waɗannan suka kai jika 470, adashi kuwa 360 yake kawowa. Wannan 110 ɗin ita ce ke cin banki duk shekara. Aka ware mata jika 9 zuwa 10 a wata a gwangwanin da uwargida ke riƙewa, kuma ragon layya aka sayi ɗan ƙarami tun watanni kafin Sallah aka yi kiwonsa a gida da dusa da harawar gona.

Na biyu, zumunci ya samu layinsa, jika 15 a wata. Biki, suna, gaisuwar rasuwa, ɗan'uwa daga ƙauye da takardar magani, duk daga nan. In ya ƙare maigida yana iya cewa na wannan wata ya ƙare, ba tare da ya yi ƙarya ba. An tsallake layin sau da dama, musamman a rasuwa, kuma babu wanda ya ga laifin haka, amma yanzu ana ganin tsallakewar a rubuce.

Kuɗin cefane ya koma yadda yake kafin matsin 2023. A madadinsa kayen uwargida ya tono wani abu da ba wanda ya taɓa tarawa. Daga Maris zuwa Yuni, lokacin da famfon unguwa kan yi kwanaki ba ɗigo, ana sayen ruwa a hannun 'yan ga-ruwa jarka-jarka, safe da yamma, kowa ya miƙa abin da ke hannunsa. Da aka tara sai ga jika 12 a wata. Duk ɗan Damagaram ya san wahalar ruwan bazara, amma kaɗan ne suka san nawa take ci musu. Suka sayi duro 2 na roba, manyan yara suna cikawa da tsakar dare in famfo ya kawo, kuɗin ya sauko kusan rabi.

Na uku, tanadin ritaya ya daina kwana da siffar kuɗi. Ranar albashi maigida yakan biya wurin masu buga bulo ya biya na jika 15 ko 20, a kawo a jera a bayan katanga. Ba wanda ke zuwa rancen bulo, shi ma ba ya iya cefane da shi. Banki ya zama na lalura kawai. An ɗage takunkumi ranar 24 ga Fabrairu, iyaka ta buɗe a Maris, a Afrilu ɗan'uwan ya kawo jika 140, aka mayar da su bulo da rodi. Ba a rubuta su a tanadin 2024 ba, tunda an riga an ƙirga su a 2023, wuri kawai suka sauya.

Damina ta zo da ruwa mai yawa. Ranar 3 ga Satumba tsohon masallacin Birni ya rushe, gidajen ƙasa da yawa a garin suka bi shi, har gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba. A gidan nan katangar arewa da gefen ɗakin Inna suka zube. Gyara ya ci jika 160. Magini ya ce ga bulo a jere, a ɗiba mana. Maigida ya ƙi, ya ciro kuɗin daga banki, aka mayar da ginin da ƙasa aka yi masa shafen siminti. Ya kuma so a rubuta 160 ɗin a tanadi tunda gini ne. Ba a rubuta ba: gyaran ya mayar da gidan inda yake ne, bai ƙara abin da zai ciyar da kowa a 2034 ba.

Shigowar 2024: albashi ya ƙaru zuwa 195 a wata, 2,340, uwargida 380, gona 190, aikin gefe 90, jimilla 3,000. Tanadi: kayan gini 210, bashin shago ya sauka daga 130 zuwa 60, wato 70, asusun uwargida 40, banki ya ragu da 20. Jika 300, kashi 10.

2025 da inda aka tsaya

Ba a sauya komai a tsarin ba. Rage farashin siminti da gwamnati ta yi a Oktoba 2024 ya sa kuɗin wata yana sayen bulo fiye da da. A Fabrairu aka haƙa tushe, kafin damina ginin shago na farko ya kai linta. Shigowa jika 3,060: albashi 2,340, uwargida 430, gona 170, aikin gefe 120. Tanadi: gini 260, banki 75, ragowar bashi 60, asusun uwargida 45. Jika 440, kashi 14.4.

A ƙarshen Disamba 2025 akwai jika 450 a banki, an zuba 610 cikin 2,400 na gini, mai shago ba ya bin gidan komai. Shekara 8 suka rage.

Abin da lambobin suka nuna

Kashi 24 na farko ba ƙarya maigida ya yi ba, abin da ya auna ne ba shi ake nema ba. Ya raba zubi da albashi, alhali zubin yana fita ta wata ƙofar kafin shekara ta zagayo, albashin kuma ba shi kaɗai ke riƙe da gidan ba. Wata ɗaya ba ya isa awo a gari irin Damagaram, inda kashin gida ke taruwa a azumi da Sallah da shuka da Oktoba. Adashi kuwa bai yi laifi ba, aikinsa yake yi na tara kuɗin rago da noma, suna ne aka ba shi wanda ba nasa ba.

Matsin 2023 ya faɗi ne tun kafin takunkumi, domin jika 20 da aka cire daga cefane ba ta ɓace ba, ta koma littafin mai shago da asusun uwargida. Kason da ba ya debe bashi, ko wanda aka yi a bayan idon matar gida, zai iya nuna ci gaba alhali wuri kawai kuɗin suka sauya. Jarin Kano kuma an ɗauki mafi yawan kuɗin da ke banki an sa a wuri ɗaya, da kuɗin wata ƙasa, a lokacin da babu na lalura. A ganina wannan ne kuskuren da ya fi tsada, ko da iyakar ba ta rufe ba.

Abin da ya ɗaga kason daga 2.8 zuwa 14.4 ba ƙarin samu ba ne, shigowa jika 180 kawai ta ƙaru tsakanin 2022 da 2025, tanadi kuwa ya ƙaru da 360. An ba kashin shekara kuɗinsa tun kafin ya iso, an ware na lalura daban har ya iya ɗaukar faɗuwar katanga, na ritaya kuma an mayar da shi abin da ba ya ciruwa. Lambar 15 ma ta taimaka, domin daga bukatar gidan ta fito kuma ana iya kai mata.

Sai dai kashi 14.4 ya fi gaskiyar tanadin ritaya kyau. Jika 45 na uwargida nata ne, kuma ta faɗa tun farko na kayan ɗakin 'yarta ta fari ne, ranar auren za su fita. In an cire su saura 395, kashi 12.9. Jika 60 na biyan bashi kuma sun ƙare da bashin, in ba a karkatar da su ga bulo ba cefane zai haɗiye su ba a sani ba. Matsakaicin 2024 da 2025 jika 370 ne a shekara maimakon 430, don haka akwai giɓin 120 da ya hau kan shekarun da suka rage. Shagunan ma haya ce ta ƙiyasi, ba a karɓi ko wata ɗaya ba, kuma rabin shirin yana kan katanga ɗaya a kan hanya ɗaya. Shawarar da na ba su ta 2026 ita ce a rufa shago na farko a sa ɗan haya kafin a taɓa na biyu, hayar ta shiga layin shigowa, sannan a sake lissafin bukata da farashin lokacin, domin jika 150 da aka ƙiyasta a Janairu 2024 ba lallai ta ciyar da gidan yadda aka zata ba.